AMSA LAIFI A GABAN KOTU DA HAKKIN ƊAUKAKA ƘARA
Darasi domin Hakimai da Malamansu

Akwai wani irin kuka da ya ke yawan zuwa ƙofar hakimai a gundumomin arewacin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi da Dambatta da Kunchi. Magidanci ya kan zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce an ɗaure ɗansa ko ƙanensa, yana roƙo a nuna masa hanyar ɗaukaka ƙara. In malamin hakimi ya tambayi yadda shari'ar ta gudana, sai a tarar ba a kira shaida ko ɗaya ba, gama wanda a ke tuhuma ne da bakinsa ya ce wa alƙali ya aikata. Daga nan kuwa yawancin hanyoyin taimako sun riga sun toshe.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana abin da mutum ya ke saki daga hannunsa sa'ad da ya amsa laifi, da abin da ya rage masa, da kuma lokacin da shawarar hakimi ta ke da amfani. Tun daga shekarar 1968, da Gwamnati ta karɓi kotuna daga hannun En'e, ba hakimin da ke yanke shari'ar laifi. Amma har yau shi ne uban ƙasa, kuma wurinsa talaka ke fara zuwa tun kafin ya ga lauya. Sabo da haka lalle ne ya san wannan al'amari sani na sosai.

MA'ANAR AMSA LAIFI

Sa'ad da aka gurfanar da mutum, sai a karanta masa abin da a ke tuhumarsa da shi, a tambaye shi ko ya aikata ko bai aikata ba. In ya ce bai aikata ba, nauyi ya hau kan mai gabatar da ƙara. Shi zai kawo shaidu, wanda a ke tuhuma ya yi musu tambayoyi, sa'an nan shi ma ya kawo nasa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce ana ɗaukar ko wane mutum a kan ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Wannan sashe kuma ya ba shi hakkin a gaya masa tuhumar cikin harshen da ya ke ji, a ba shi lokacin shirya kariya, ya kare kansa ko ya ɗauki lauya, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi.

In kuwa ya ce ya aikata, to, ya sauke wa mai gabatar da ƙara wannan nauyi. Ba sauran bukatar shaidu su zo a gwada maganarsu. Mai gabatar da ƙara ya kan faɗi yadda abin ya faru a taƙaice, alƙali ya tabbatar mutumin ya gane kuma da nufinsa ya amsa, ya kama shi da laifi, ya ba shi dama ya roƙi sassauci, ya yanke hukunci. Shari'ar da za ta ci wata uku sai ta ƙare kafin azahar.

Laifi iri ɗaya ne doka ta keɓe. In hukuncin laifin kisa ne, ko da mutum ya ce ya aikata, alƙali zai rubuta masa cewa bai amsa ba, a yi shari'a cikakkiya da shaidu. Dalili kuwa a fili ya ke: rai ba a mai da shi in an yi kuskure.

ASALIN WANNAN ƘA'IDA A ƘASAR NAN

A shekarar 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, domin su duba tsarin shari'ar laifuffuka kafin samun mulkin kai. Daga shawararsu aka yi Dokar Hukunta Laifuffuka, wadda aka fi sani da Final Kod, da Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka. Dukansu sun fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko samfurinsu daga dokokin Sudan, su kuma na Sudan daga na Indiya.

Dokar tsarin shari'a ta 1960 ta zo da wata ƙa'ida mai muhimmanci. Ta ce in mutum ya amsa laifi a gaban kotu, a rubuta amsarsa da kalmomin da ya faɗa da bakinsa gwargwadon iko. Hikimar wannan ita ce kotu ta sama ba ta ga mutumin ba, ba ta ji muryarsa ba. Abin da aka rubuta a littafin shari'a shi kaɗai za ta duba. Tun a nan ya kamata malamai su lura, gama duk abin da zai biyo baya cikin wannan darasi a kan rubutu ya dogara.

A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi sabuwar Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka, Jihar Kano kuma ta yi tata a 2019 bisa wannan samfuri. Lambobin sassan da za a ambata nan gaba na dokar tarayya ne, wadda Babbar Kotun Tarayya ke aiki da ita a laifuffuka irin na miyagun ƙwayoyi da zambar kuɗi.

ME YA SA AMSA LAIFI KE TOSHE HANYA

Mutane da yawa suna zaton ɗaukaka ƙara sake shari'a ce daga farko. Kotu ta sama kuwa aikinta shi ne ta duba ko kotu ta ƙasa ta yi kuskure. Mai ɗaukaka ƙara ya kan ce alƙali ya gaskata shaidar da bai kamata a gaskata ba, ko ya karɓi shaidar da doka ta hana, ko ya ƙi sauraron kariya. To, wanda ya amsa laifi, wace shaida zai ce an gaskata bisa kuskure, alhali ba a kira kowa ba? Wace kariya zai ce an ƙi saurare, alhali bai kawo ba? Shi ne shaidar kansa.

Ga misali. A ƙasar da gonaki su ke manne da juna, kamar kewayen Minjibir da Gezawa, inda ba saura kuma iyaka ba ta wuce layin gamba ko 'yan bishiyoyi ba, rigimar iyaka ba ta ƙarewa. A ce wani manomi ya yi huɗa ya shiga kunya biyu cikin wurin da maƙwabcinsa ya ke cewa nasa ne, aka kai shi kotu bisa laifin shiga gonar wani. In manomin nan ya yi imani da gaske cewa wurin gadonsa ne, yana da kariya mai ƙarfi, gama laifin yana bukatar mugun nufi. Dagaci da dattawan da su ka ga rabon gado za su iya ba da shaida. Amma in ya ce ya aikata domin a ci shi tara ya koma gida, ya binne wannan kariya da hannunsa. Ba zai zo bayan mako biyu ya ce wa Babbar Kotu a kira dagaci ba. Ban da haka, ranar da aka zo shari'ar mallakar gonar, abokin gabarsa zai fito da takardar hukuncin nan ya ce ga shi ya amsa da bakinsa.

Wannan ƙa'ida ba a Nijeriya kaɗai ta ke ba. A Ingila, wanda ya amsa laifi a kotun majistare hakkinsa na ɗaukaka ƙara bisa dokar 1980 ya tsaya ga hukuncin da aka ɗora masa. A Indiya ma tsohuwar dokarsu ta 1898 haka ta tanada, watau ba afil sai a kan yawan hukunci ko halaccinsa.

ƘOFOFIN DA SU KA RAGE

Ko da ya ke hanya ta ƙuntata, ba ta rufe gaba ɗaya ba. Akwai dalilai biyar da kotu ta sama ke saurare daga wanda ya amsa laifi.

Na farko, in bai gane tuhumar ba, ko bai yi nufin amsawa ba. In an karanta masa da Turanci, littafin shari'a kuma bai nuna an fassara masa da Hausa ko Fillanci ba, amsarsa ba ta da tushe. Haka kuma in amsar mai harshe biyu ce. Makiyayin da ya ce, "I, shanuna sun shiga gonar, amma da dare su ka ɓalle ina barci," bai amsa laifin ɓarna da gangan ba. Ya amsa abin da ya faru, ya kuma kawo uzuri. Wajibin alƙali ne ya rubuta cewa bai amsa ba. In an rubuta kalmominsa kamar yadda ya faɗa, kotu ta sama za ta gani. In kuwa kalma ɗaya aka rubuta, cewa ya amsa, uzurinsa ya ɓace.

Na biyu, in abin da ya amsa ba laifi ba ne a doka. Mutum ya karɓi buhun gero bashi a kan zai biya da kaka, damina ta yi gardama, ya kasa. Bashi ne, shari'arsa ta hakki ce. In aka kai shi kotu da sunan zamba ya ce lalle ya karɓa bai biya ba, abin da ya amsa bai kai zamba ba, sai in tun farko ya karɓa da nufin yaudara. Waɗannan dalilai biyu wata kotun Ingila ce ta tsara su a 1923, kotunan Nijeriya kuma su ka bi.

Na uku, in kotun ba ta da ikon yin shari'ar. Ko wace kotu doka ta yanka mata irin laifin da za ta saurara da iyakar hukuncin da za ta yanke. Yardar wanda a ke tuhuma ba ta ba kotu ikon da doka ba ta ba ta ba.

Na huɗu, in tilasta shi aka yi, ko da duka, ko da barazana, ko da alkawarin ƙarya. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, a 2017 kuma aka yi doka ta musamman mai hana azabtarwa. Amma wannan ƙofa tana da wuyar shiga, gama mai iƙirarin an tilasta shi sai ya nuna alama. Wanda ya yi shiru a gaban alƙali, ya zo daga baya ya ce an doke shi, da ƙyar a ke gaskata shi. Lokacin faɗa shi ne ranar farko da ya tsaya gaban kotu.

Na biyar, hukuncin kansa. Wanda ya amsa laifi yana da damar cewa ɗaurin ya wuce abin da doka ta yanka, ko ya yi tsanani in an dubi cewa laifinsa na farko ne, ko alƙali bai ba shi damar roƙon sassauci ba. Wannan ita ce ƙofar da aka fi bi. Sai dai ko an rage ɗauri, sunan mai laifi yana nan a kansa.

Har wa yau, kafin alƙali ya yanke hukunci yana da ikon barin mutum ya janye amsarsa in ya ga dalili. Bayan an yanke kuwa, wannan kotu ta gama aikinta.

YARJEJENIYAR AMSA LAIFI

Akwai wata hanya da ta shigo ƙasar nan daga baya, wadda ta fi amsa laifi na kullum ɗaure mutum. Ita ce mai gabatar da ƙara da wanda a ke tuhuma su daidaita tun kafin hukunci: shi ya amsa ƙaramin laifi ko ya mai da dukiya, su kuma su janye sauran tuhuma ko su yarda da hukunci mai sauƙi. Amurka ce gidan wannan al'ada. Kotun Ƙolin ƙasar ta faɗa a 2012 cewa kashi 97 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya ke kamawa da laifi, da kashi 94 a kotunan jihohi, amsawa su ka yi. A can sau da yawa a kan sa sharaɗi a takardar cewa mutum ya yafe hakkinsa na ɗaukaka ƙara. Duk da haka a 2019 kotun ta yanke cewa wannan sharaɗi bai rufe ko wace ƙofa ba, kuma lauyan da aka umurta ya shigar da takardar afil wajibinsa ne ya shigar.

A Nijeriya an fara jin labarinta a shari'o'in manya da Hukumar EFCC ta gabatar. A 2005 tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Tafa Balogun, ya amsa laifi aka ɗaure shi wata 6, aka karɓe dukiya mai yawa. A 2010 haka aka yi da Cecilia Ibru, shugabar bankin Oceanic, ita ma wata 6. Jihar Legas ce ta fara rubuta wannan hanya cikin dokarta a 2007, sa'an nan dokar tarayya ta 2015 ta tsara ta a sashe na 270.

Sashen ya kafa sharuɗɗa. Yarjejeniyar sai a rubuce, da sa hannun mai gabatar da ƙara, da wanda a ke tuhuma, da lauyansa, da tafinta in an yi aiki da shi. Sai ta nuna an gaya masa yana da hakkin yin shiru, kuma ba dole ne ya yi iƙirari ba. Wanda aka cuta a kan ba shi dama ya faɗi ra'ayinsa. Alƙali ba ya shiga cikin cinikin. In an kawo masa takardar, sai ya tambayi mutumin ko ya amsa tuhumar, ko kuma da yardarsa ya shiga ba da matsi ba. In alƙali ya ga laifin ya cancanci hukuncin da ya fi wanda aka daidaita, sai ya sanar da shi, ya ba shi zaɓi: ko ya tsaya a kan amsarsa, ko ya janye a sake shari'a daga farko a gaban wani alƙali.

Ribar mai amsawa ita ce ba za a sake tuhumarsa da babban laifin a kan wannan al'amari ba. Abin da ya biya kuwa yana ƙaramin sashe na 18, wanda ya ce hukuncin da aka yanke bisa yarjejeniya shi ne na ƙarshe, ba a ɗaukaka ƙara a kansa a ko wace kotu, sai in an yi iƙirarin an yi ha'inci. Masana shari'a sun yi ta jayayya a kan wannan, gama sashe na 241 na Tsarin Mulki ya ba da hakkin ɗaukaka ƙara daga hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu, sashe na 1 kuma ya ce duk dokar da ta saɓa wa Tsarin Mulki ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓaninta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta saurari waɗanda alƙali ya ɗora wa hukunci fiye da yarjejeniya ba tare da ya ba su zaɓin janyewa ba. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Kai irin wannan magana kotu ta sama aiki ne na lauya da kuɗi da shekaru. Ga manomin Makoɗa ko Tsanyawa, sa hannu ko dangwala yatsa a wannan takarda kusan rufe ƙofa ne.

Wani abin lura kuma, amsa laifi ba ta ɗaure hannun mai gabatar da ƙara kamar yadda ta ke ɗaure na mai amsawa. A Janairu 2013 John Yakubu Yusuf, wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifuffuka 3 a Babbar Kotun Abuja, aka yanke masa ɗaurin shekara 2 ko tarar Naira 750,000, ya biya ya tafi. Hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan Naira biliyan 22.9. Watau wanda ya amsa laifi domin ya ga hukuncin da sauƙi, bai tabbata a nan maganar za ta tsaya ba.

IƘIRARI A KOTUNAN SHARI'AR MUSULUNCI

Tun shekarar 2000 kotunan Shari'ar Musulunci a Kano suna sauraron laifuffuka, yawancin mutanen karkara kuwa nan su ke fara tsayawa. A fiƙihun Malikiyya iƙirari hujja ce mai ƙarfi, amma yana da sharuɗɗa: mai yinsa ya zama baligi, mai hankali, wanda ba a tilasta ba. Littattafai irin su Risala da Muhtasar sun kuma bambanta tsakanin hakkin Allah da hakkin mutane. A laifin haddi, wanda ya janye iƙirarinsa ana karɓar janyewarsa, haddi ya faɗi. A hakkin mutane kuwa ba a karɓa. Wanda ya yi iƙirarin sata sa'an nan ya janye, ya tsira daga haddi, amma biyan dukiyar na kansa.

Shari'o'i biyu sun nuna bambancin da ke tsakanin wanda ya bi hanyar afil da wanda bai bi ba. A Maris 2000 aka zartar wa Buba Bello Jangeɓe haddin sata a Jihar Zamfara bisa satar saniya. Bai ɗaukaka ƙara ba. A Maris 2002 kotun Bakori a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin rajamu, kotu ta sama a Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. A Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin, cikin dalilanta har da cewa tana da hakkin janye iƙirarinta. Hakkin yana nan cikin littafi tun da can. Amma sai da aka yi shekara ɗaya da rabi, da lauyoyin da su ka tsaya mata, kafin ta same shi.

ABIN DA KE SA TALAKA YA AMSA

Mai laifin da ya amsa laifinsa ya yi abin kirki. Ya hutar da kotu, ya hutar da wanda ya cuta, alƙalai kuma su kan sassauta masa. Ba wanda zai hana shi. Damuwa tana ga wanda ya amsa abin da bai yi ba, ko abin da bai gane ba, dalilansa kuwa sanannu ne.

Babba daga ciki shi ne tsoron wakafi. Mutum ya kan lissafta cewa in ya musa za a ɗaga shari'a, in bai sami mai tsaya masa beli ba a kai shi Kurmawa ko Goron Dutse. In a watan Yuli ne, gonarsa na jiran noman farko, mako uku na iya cinye masa abincin shekara. Sai ya ga tara ta fi sauƙi. Na biyu shi ne maganar bakin ƙofa, inda wani zai raɗa masa cewa ya amsa kawai za a sallame shi. Mai wannan magana ba shi ne zai yanke hukunci ba, kuma ba za a same shi ranar da aka ce wata shida ba. Na uku shi ne ladabi. Yaron da aka rena a kan ba a musu da babba, in alƙali ya yi masa tambaya sai ya sunkuya ya ce a yi masa afuwa, ya tuba. Shi gaisuwa ya ke yi, kotu kuwa ta ji amsa.

Abin da ba ya cikin lissafinsa shi ne abin da ke biyo baya. Sunansa ya shiga littafin masu laifi. In ya sake gurfana, za a ɗauke shi tsohon mai laifi, hukunci ya ƙaru. In ya nemi aikin soja ko ɗan sanda za a tambaya. Tsarin Mulki kuma ya hana wanda aka hukunta bisa laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisar dokoki har shekara 10. Magana zarar bunu ce.

WA'ADI

Ko wace ƙofa da aka lissafta a sama tana da wa'adi. Daga kotun majistare ko ta Shari'ar Musulunci, kwana 30 a ke bayarwa bisa al'ada, alƙali kuma ya kan faɗa ranar hukunci. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar laifi kwana 90 ne, daga nan zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. Ana fara ƙirga daga ranar hukunci. In wa'adi ya wuce sai a roƙi ƙarin lokaci, a kawo dalili mai ƙarfi, kotu kuma tana iya ƙi. Iyali da yawa su kan ɓata waɗannan kwanaki wajen neman wanda zai sa baki, har lokaci ya ƙure.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Daga abin da ya gabata, ga abin da a ke bukata.

1. Kada hakimi ko dagaci ko mai unguwa ya ce wa kowa ya amsa ko ya musa. Zaɓin na mai shi ne. Aikinsu shi ne su bayyana masa abin da ko wace amsa ke jawowa, tun kafin ranar kotu.

2. Rigimar iyaka, da ɓarnar dabbobi, da bashi, a yi ƙoƙarin sulhunta su tun ba su kai ga 'yan sanda ba. In an daidaita, malami ya rubuta, da sunayen shaidu da kwanan wata. Manyan laifuffuka kuwa, irin su kisa da fashi da fyaɗe, ba na sulhu ba ne, a miƙa su ga hukuma.

3. A taimaki wanda aka san asalinsa ya sami mai tsaya masa beli. Wanda ya san zai kwana gida ba ya gaggawar amsa abin da bai yi ba.

4. A gaya wa jama'a cewa wanda bai gane tuhuma ba ya ce bai gane ba, ya nemi a maimaita da harshensa. Wanda ke da uzuri ya faɗe shi tare da amsarsa. Wanda aka doka ya gaya wa alƙali ranar farko. Ba ɗaya cikin waɗannan da ya ke rashin ladabi.

5. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar yarjejeniya sai an karanta masa ita duka, lauyansa yana wurin. Marasa hali a nuna musu ofishin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin irinsu.

6. In hukunci ya riga ya faɗi, malami ya rubuta sunan kotu, da lambar shari'a, da ranar hukunci, ya lissafta ranar da wa'adi zai cika. Ya shawarci iyali su nemi kwafen shari'ar daga magatakardan kotu nan da nan, gama a cikinsa lauya zai ga ko akwai ƙofa.

7. Kada a rubuta wa alƙali takardar roƙo a kan shari'ar da ke gabansa ko wadda ya yanke. Hanya ita ce kotu ta sama. In duk hanyoyi sun ƙare, akwai ikon afuwa da sashe na 212 na Tsarin Mulki ya ba Gwamna.

TAMBAYOYIN BITA

1. Wane nauyi ne ke sauka daga kan mai gabatar da ƙara in mutum ya amsa laifi?
2. A wane irin laifi ne alƙali ba ya karɓar amsa ko da mutum ya yi ta?
3. Lissafta dalilai biyar da wanda ya amsa laifi zai iya ɗaukaka ƙara a kansu.
4. Me ya sa rubuta kalmomin mai amsawa kamar yadda ya faɗe su ke da muhimmanci?
5. Wane zaɓi doka ta ba mutum in alƙali ya so ya wuce hukuncin da aka daidaita?
6. An yanke wa wani hukunci a kotun majistare ran 3 ga Yuli, aka ba shi kwana 30. Iyalinsa sun zo wurin hakimi ran 25 ga watan. Wace shawara malami zai ba su, kuma me zai fara yi a wannan rana?